A Zauren da Muka Kalli Golobo

Motar da na shiga a Sakkwato ba ta cika ba sai da hantsi ya dubi ludayi, kuma kafin ta cika sau uku kujerar gaba tana sauya mai ita. Wani saurayi mai jakar kwamfuta ne ya fara zama. Da wani ɗan kasuwa ya iso da babbar riga, waya biyu a hannu, sai ɗan kamasho ya sunkuya ya raɗa wa saurayin magana, ya tattara jakarsa ya dawo cikinmu ba gardama. Ɗan kasuwar ma bai ɗumama wurin ba sai ga wani dattijo da rawani, ba ya ɗauke da komai sai buta da tazbaha. Wannan karon ko raɗar ba a yi ba. Kuɗi ɗaya muka biya dukkanmu, amma kowa ya san inda ya kamata ya zauna.

Sai da muka wuce Boɗinga wani tsoho da ke can kujerar baya, wanda aka cusa wa buhun gero a ƙarƙashin ƙafa, ya yi gyaran murya ya ce, "Direba, roƙi Allah kar hakimi shi tsai da mu ga hanya. Kujerar gaba ta ƙare, saura taka." Mota ta kwashe da dariya, har mai rawanin sai da ya rufe baki da hannun riga. Direba ya leƙa madubi ya ce, "Baba, kai Golobo na!" Saurayin mai kwamfuta, wanda gwiwarsa ke gogar tawa, ya juyo ya tambaye ni a hankali: wane ne Golobo?

Na ce masa ɗan wasan kwaikwayo ne, sunansa Shehu Jibril, wanda ya yi tashe a gidan talabijin na NTA Sakkwato tun ba a san wani abu wai shi Kannywood ba. Ya gyaɗa kai don ladabi, ya koma kan wayarsa. Ni kuwa tambayar ta raka ni har Tambuwal, domin a can ne, a ƙofar gidan kawuna, na fara ganin Golobo, a can ne kuma na fara lura da cewa ko dariya tana da kujerar gaba da ta baya.

Tafiyar kimanin kilomita 100 ce a kan hanyar Jega, kuma wanda ke son ya fahimci yadda ƙasar Sakkwato ta jera mutanenta, ya bi ta yana karanta sunayen garuruwa. Ga Shagari, garin malamin makarantar da ya zama shugaban ƙasa a 1979, amma a gida Turaki ake ce masa, kamar sarautar ta fi shugabancin daɗin faɗa. Ga Dogon Daji, inda aka haifi Ibrahim Dasuki, Sarkin Musulmi daga 1988 zuwa 1996, na farko da ya hau gadon daga gidan Buhari ɗan Shehu. Tambuwal ɗin kanta mazaunin Buharin ce, ɗan Shehu Usmanu, malami kuma marubucin waƙoƙi, wanda ya tsare wannan sashe a zamanin da ake kafa garuruwan ribaɗi. Ɗan garin da ya fi suna a wannan zamani, wanda ya shugabanci Majalisar Wakilai daga 2011, ya kuma yi gwamna daga 2015 zuwa 2023, yana ɗauke da sarautar gidansu a tsakiyar sunansa: Aminu Waziri. A irin wannan ƙasa, kafin a tambayi yaro sunansa ana fara cewa, "Ɗan wa na?"

Ƙarƙashin masu rawani akwai malamai da attajirai, sai manoma, sai masu sana'ar gado waɗanda kowa ke bukata amma ba kowa ke ba su aure ba: maƙera, wanzamai, majema, maroƙa, da mahauta, waɗanda a nan ake kira rundawa. Akwai kuma maganar da ba a ɗaga murya a kanta, ta wanda kakansa ɗa ne da wanda kakansa bawa ne. Da boko ya zo bai rushe wannan gini ba, hawa ya ɗora a kansa, mai matakan albashi daga 01 zuwa 17. Abin da ya kai ni Tambuwal ma reshen wannan magana ne. Jikar kawuna za a ɗaura wa aure. Angon yana da digiri biyu da aiki mai kyau, ba wanda ya taɓa jin abin kunyarsa, amma sai da aka yi wata takwas ana ja-in-ja a cikin dangi, saboda an yi bincike an gano abin da kowa ya riga ya sani: gidansu gidan fawa ne. Zan dawo kan yadda aka ƙare.

Kawu tsohon hedimasta ne, yana cikin waɗanda ƙarin albashin Udoji ya sama. Rahoton kwamitin ya fito a 1974, kuɗin ariyas suka shigo hannu a 1975, ma'aikata suka bazama kasuwa, wannan ya sayi rediyo mai kaset, wancan agogon bango, wani ya ƙara aure. Kawu babur ya saya. Sai a farkon shekarun 1980 ya kawo talabijin baƙi-da-fari, mai ƙofofin katako da ake zugewa kamar taga. Da batirin mota ake kunna ta, eriya kuma a kan wani dogon ƙarfe da aka ɗaure a jikin katanga, wanda in iska ta kaɗa shi sai a tura yaro ya riƙa juyawa ana yi masa ihu daga ƙasa, "Ta yi! A'a, koma!" Ni ne yaron sau da yawa, saboda haka akwai wasannin da muryarsu kawai na sani.

Bayan sallar isha'i ake fito da ita bakin zaure a ɗora a kan tebur. Kujeru huɗu ne a gidan, na kawu da abokan aikinsa, sai in wani daga gidan sarauta ya leƙo a tashi a ba shi. Gabansu tabarma ce ta dattawan unguwa. Mu yaran gida muna gaba can a ƙasa, wuya a miƙe. Bayan kujerun kuwa, a tsaye cikin duhu, nan taron yake: almajirai da robobinsu, 'yan ga-ruwa, leburori, masu tallar da suka tashi, mutanen ƙauye da dare ya yi musu a gari. Mata suna daga ciki, ta ƙofar zaure suke hange, ka ji dariyarsu ba ka gan su ba. Ba wanda ya tsara wannan zama, kamar yadda ba wanda ya tsara na motarmu.

Golobo, yadda nake tuna shi, mutumin karkara ne da wauta a fuska, wayo a ciki. Yana shigowa, kafin ya ce komai, an fara dariya, don tsayuwarsa kaɗai ta isa. Irinsa ne ke shiga wurin da ba a gayyace shi ba ya zauna inda ba nasa ba, a yi masa bayani mai tsawo ya fahimce shi a karkace, sai daga baya mai kallo ya ga karkatacciyar fahimtar ta fi miƙaƙƙiyar kusa da gaskiya. Ba shi ya ƙirƙiro wannan hali ba. Tsohon hali ne a adabinmu: baƙauyen da ke cikin labaran barkwanci, wawan sarki da ke faɗar abin da waziri ba ya iya faɗa, Gizon tatsuniya mai tsamin baki da ke kwana da abincin zaki a cikinsa. Abin da Golobo ya ƙara shi ne harshe. Da Hausarmu yake magana, ta "munka" da "sunka" da "mi nana", a cikin akwatin da muka saba jin labarai da Hausar littafi. Ranar farko da wata tsohuwar gidanmu ta ji shi, cewa ta yi wannan ai ɗan wajenmu ne, wa ya sa shi ciki?

Na tarar da kawu ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, amma kai garau. Da daddare, bayan an watse, na ba shi labarin saurayin mota. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, "Ɗana, kai dariya ɗaya kaj ji, don kana bisa katanga. Ni da nike ga kujera, biyu nika ji." Na ce, "Yaya ke nan, Kawu?" Ya ce in baƙauye ya shiga ofis ya zube ya gai da masinja yana zaton shi ne babba, mutanen kujera ke dariya, don sun san wane ne masinja. In kuwa baƙauyen ya yi wata tambaya da ta ɗaure malamin ofis, ya rasa amsa ya kama gyaran takardu, sai dariyar ta taso daga baya, daga cikin duhu, ta fi ta farko ƙarfi, ta kuma fi ta daɗewa. "Mu ma muna yi," in ji shi, "amma da haƙora."

Wannan magana ta kawu ta fi duk abin da na karanta a kan wasan kwaikwayo amfani a gare ni. Wasa ɗaya, a zaure ɗaya, yana ba kowane sahu nasa rabo, kuma kowane sahu yana jin lokacin da ɗayan ke dariya. Hedimasta yana jin abin da ke ba ɗan ga-ruwa dariya, ya kuma san da shi ake. Ban san wani wuri a Tambuwal ta wancan zamani da talaka zai yi wa mai albashi dariya a bayan ƙeyarsa, mai albashin yana ji, a kuma rabu lafiya ba, in ba nan ba.

Daga Kaduna kuma Samanja ke zuwa mana. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a watan Nuwamban 2023, ɗan gidan sarautar Pategi ne a ƙasar Nufe, ya yi aikin soja na gaske kafin ya sa kakin wasa. Sai ga ɗan sarki yana kwaikwayon mutumin da duk girmansa a makogwaro yake: ya daka wa kurata tsawa su kama rawar jiki, hafsa ya shigo shi ma ya ƙame kamar an dasa shi, harshensa yana tsalle tsakanin Hausar bariki da guntun Turanci. Mafi yawan shekarun da aka yi ana nuna shi soja ke mulkin ƙasa, amma aka bar mutane suna yi wa kaki dariya, muddin igiyar a hannun riga take, ba tauraro a kafaɗa ba. Daga Jos akwai Karkuzu na Bodara, daga Kaduna akwai Kasimu Yero, kowa da irin mutumin da yake ɗauka.

A tsakanin waɗannan akan sako na Turawan Ingila. Na tuna Mind Your Language, da Some Mothers Do 'Ave 'Em, wanda muke kallo don mu ga Frank Spencer ya faɗo daga wani wuri ko ya rushe wani abu. Turancin ya fi ƙarfinmu, faɗuwar kuwa ba ta bukatar tafinta. Sai da na girma na ci karo da Dad's Army, wanda BBC ta nuna daga 1968 zuwa 1977, na gane cewa abin da ke ba Ingilishi dariya ɗan'uwan namu ne. Labarin wasu tsofaffi ne da aka haɗa rundunar tsaron gida a wani ƙaramin gari lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Kyaftin ɗinsu, Mainwaring, manajan banki ne wanda ya taso daga gidan masu kanti, ya hau da guminsa, kuma kullum yana tsoron kada a tuna. Sajensa, Wilson, wanda a bankin ma ƙarƙashinsa yake, ɗan babban gida ne, ya yi makarantar 'ya'yan manya, yana ba da umarni kamar mai roƙon alfarma. Kyaftin ke da muƙami, Saje ke da asali, kuma duk gari ya san wanne ya fi nauyi. Kofur ɗinsu kuwa, Jones, mahauci ne, wanda a lokacin da gwamnati ke auna wa kowa nama yakan ɗan ƙara wa wanda ya ga dama, saboda haka ba mai son ɓata masa rai. Ka cire hular ƙarfe ka sa zanna-bukar, ka mayar da bankin sakatariyar ƙaramar hukuma, za a iya yin wannan wasa a Tambuwal gobe. Kawu kansa ya yi shekaru yana shugabantar makarantar da ɗaya daga cikin ƙananan malamanta ɗan gidan sarauta ne. A makaranta malamin ke gaishe shi. Ranar Juma'a, a ƙofar fada, kawu ke cire takalmi.

Sai dai a nan ne bambancin ya fito, kuma ba na son son-gida ya hana ni faɗa. Turawan sun sa hannu a kan ciwon kansa, suka yi wasa da asali da muƙami, wanda kowa ya san shi ne abin da ke cin mutane a rai. Namu sun kewaye shi. A wancan zamani gidajen talabijin duk na gwamnati ne, tun da dokar soja ta 1977 ta tattara su ƙarƙashin NTA, kuma abin da ake so daga wasa shi ne faɗakarwa: a kai yara makaranta, a je asibiti, a yi layi, a share gari. Wanda ake yi wa dariya kullum mutumin tsakiya ne: akawu mai ɗaga hanci, sabon alhaji mai haƙorin Makka da ke son a san ya dawo, ɗan bokon da ke sa kwat a zafin bazara, boka, dillali, masinja. Na sama da su ba ya shiga akwati sai da girmansa, ya zo a ƙarshe ya raba gardama, kowa ya ce ranka shi daɗe. Maganar wa zai auri 'yar wa saboda sana'ar kakansa, ban tuna an yi mana wasa da ita a wannan zaure ba. Ba na zargin 'yan wasan. Albashi suke karɓa, a gari ɗaya suke kwana da waɗanda ba a taɓawa, kuma abin da suka samu suka faɗa ta bakin wawa ba kaɗan ba ne. Amma iyakar tana nan, mai kallo ma ya san ta.

Abin da ya nuna mini cewa ba kullum iyakar take a nan ba, tafiyar da na yi washegari ce. An aike ni da wani ƙanena mu ɗauko gwaggo daga wani ƙauye a ƙasar Kebbe. Ga wanda ba ɗan yankin ba: Kebbe daban, jihar Kebbi daban. Wannan ƙaramar hukuma ce a ƙarshen kudancin jihar Sakkwato, kujera ɗaya suke da ita da Tambuwal a Majalisar Wakilai. An ce mana mu fita da wuri mu dawo da wuri, don hanyar yanzu ba a son yin yamma a kanta. Kaka ce, an girbe gero, dammuna a jingine, dawa ta sunkuyar da kai, masu fadama sun fara gyaran wurin albasa. Ƙasa ce mai albarka wadda tsoro ya rage wa hayaniya.

A ƙofar gidan gwaggo muka tarar da wani tsoho yana tufkar igiya, kowa ya wuce sai ya ce, "Joji, ina kwana?" Na ɗauka tsohon ma'aikacin kotu ne. Gwaggo ta ce ko ƙofar kotu bai taɓa takawa ba, a kalankuwa ya samo sunan, fiye da shekara hamsin ke nan, har jikokinsa ba su san na yanka ba. Masu karatu da suka yi Hausa a makaranta sun san kalankuwa a littafi: bikin samari da 'yan mata bayan an kawar da amfanin gona, inda ake naɗa sarautu na wasa. Jin ta daga bakin wanda ya yi wani abu ne daban. Ya ce sukan naɗa Sarki da Waziri da Alƙali, su kuma naɗa Gwamna da Di'o da Joji da Likita da 'yan doka. Di'onsu yakan shafa farar ƙasa a fuska, ya kifa malafa, ya riƙa magana ta hanci, tafinta yana fassara abin da ya ga dama. Shi kuwa Joji yana zaune a kan turmi ana kawo masa masu laifi. Na ce wane hukunci ne ya fi tunawa? Ya ajiye igiyar. Ya ce ɗan dagaci ne ya wuce bai gai da Gwamna ba, 'yan doka suka kamo shi, ya ci shi tarar goro, kuma ya biya, uban yana daga nesa yana dariya. "Kwana ukku muna da mulki," in ji shi. "Ran na huɗu kowa shi koma ga kalme nai."

Ashe tun kafin eriya da batir, 'ya'yan manoma sun san yadda ake aron rawani a yi wasa da shi a gaban mai shi. A fada ma akwai wasan gauta, inda matan gidan sarki ke kwaikwayon sarki da fadawansa, kowa ya ga tafiyarsa da maganarsa a jikin wani. 'Yan kama kuwa sukan ari muryar malami mai wa'azi su yi ta a kan tuwo da miya. Duk waɗannan sama suke harbi. Na tambayi Joji me ya kashe kalankuwa a garinsu. Ya lissafa wa'azi a kan cuɗanyar maza da mata, da tafiyar samari ci-rani tun ba a gama sussuka ba, sannan ya nuna daji da haɓa, bai ƙara komai ba.

Da muka dawo Tambuwal na tsaya wani shagon cajin waya a bakin titi. Samari bakwai ko takwas ne a kan benci, kowa da wayarsa, kowa da abin sauraro a kunne, kowa yana dariyarsa shi kaɗai. Na leƙa ta kusa da ni. Gajeren bidiyo ne na TikTok: wani ya yi shigar talaka, wani mai mota ya wanke shi da mari, aka sa sautin dariya, aka wuce na gaba. Ba duka ne haka ba, akwai yara masu basira, akwai ma masu yin barkwanci da Sakkwatanci suna alfahari da shi, kuma marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya riƙe wani abu na tsohon wawa mai gaskiya a bakinsa. Amma a yawancin abin da nake gani, baƙauye ya rasa rabonsa na biyu. Ana yi masa dariya ta farko, ta mutanen kujera, a yanke bidiyon kafin ya yi tambayarsa. In kuma an so a nuna mutum gidahumi ne, sai a sa masa Hausarmu a baki, harshen da Narambaɗa ya yi waƙa da shi, wanda malaman Sakkwato suka rubuta waƙoƙin Hausa da shi tun ƙarni na 19. Saurayin motar nan ya amsa waya sau biyu kafin mu isa. Da mahaifiyarsa ya ce, "Ga mu nan tahe, mun wuce Shagari." Da abokin aikinsa kuwa ya sauya baki gaba ɗaya, har da rage murya, kamar mai ɓoye tsohuwar riga a ƙarƙashin sabuwa. Ban ga laifinsa ba. Na yi haka shekara huɗu a jami'a.

To, maganar aure. Gwaggon nan da muka ɗauko ita ta kashe gardamar, watanni biyu kafin zuwana. An ce an taru a ɗakin kawu, maza suna ta kawo hujja: ba ƙin yaron ake yi ba, amma gida yana da abin da ya gada, amma me mutane za su ce. Wani ya tunatar da cewa addini bai san wannan bambanci ba, aka ce haka ne, aka ci gaba daga inda aka tsaya. Gwaggo tana gefe tana gurza goro, don haƙora sun tafi. Da suka gaji ta ce, "Shekara arba'in kuna cin naman gidan nan, ban taɓa jin wanda yat tambayi asalin yuƙa ba." Ɗaki ya yi tsit, sannan wani ya fashe, sannan kowa. Wanda ya fi kowa tsayawa a kan ƙi ya yi dariya har ya share hawaye, kuma mutum ba ya gama irin wannan dariya ya koma ya ɗaure fuska. Ba a ce ya yarda ba. Shiru ya yi, aka sa rana.

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a. A wurin zama an jera mutane yadda aka saba, masu rawani a kan darduma, ma'aikata a kujerun roba, sauran jama'a a rana. Dangin ango suka zo da kaya masu tsada suka zauna inda aka nuna musu, ba a gaba sosai ba. Naman walima kuwa daga gidansu ya fito, kuma na ga wanda ya nemi ƙari.

Kafin in tafi na shiga yi wa kawu sallama. Talabijin ɗin tana nan a kusurwar ɗaki, ƙofofinta a rufe, an shimfiɗa mata ƙyalle an ɗora magungunansa da tocila a kai. Ya ce in na samu wasan Golobo a wayata in kawo masa ya saurara, tunda ido ba ya gani. Na bincika a daren. Abin da na samu 'yan guntaye ne masu dishi-dishi, sauti yana yankewa. Ya kara wayar a kunne, ya yi murmushi, ya ce a kira yaran gida su zo su ji. Biyu suka zo.

A tashar Tambuwal ɗan kamasho ya dubi furfurata da tabarau, ya buɗe mini ƙofar gaba. Na shiga na zauna, amma ban sa jakata a ƙasa ba, a cinya na riƙe ta har muka wuce Dogon Daji.